Ranar Da Ladidi Ta Faɗo Daga Tsanin Rumbu

Yau muka fito daga fefar ƙarshe ta makarantar koyon aikin lafiya, kuma wallahi na zuba musu ruwan biro. 'Yan ajinmu suna can bakin get suna ihu suna zane rigunan juna, ni kuwa na samu gindin darbejiya na zauna ina danna waya kamar dattijon da aka bar wa tsaron gida. Wata tambaya ce ta zaunar da ni. Cewa aka yi: an kawo maka yaro ya faɗi ya bugu a kai, me za ka tambaya, me za ka duba, yaushe za ka ce a koma gida, yaushe za ka ce a wuce babban asibiti? Baaba, ai kyauta aka ba ni. Na yi ta rubutu har sai da na nemi ƙarin takarda. Amma ina tsakiyar rubutun kaina ya ɗau caji, saboda abu na farko da malaminmu ya yi ta nanata mana a aji shi ne, nemo wanda ya ga faɗuwar da idonsa ka sa shi ya yi magana. To idan wanda ya gani ba zai iya magana ba fa? Ba bebe ba ne, lafiyarsa ƙalau, bakin ne kawai al'ada ta ɗaure. Wannan kam ba a koya mana ba. Ni kuwa an yi da ni, kuma har yau akwai wani ɗan guntun lokaci na wannan ranar da ya ɓace min, mutum ɗaya ce tal a duniya ta san abin da ke cikinsa.

A Dingaya na tashi, can ƙasar Gwaram. Na san za ku ce yaro da kai me ka sani na da. Ku bar ni kawai, don gidan da na girma a ciki yanzu in na shiga sai na tsaya ina waige-waige kamar baƙo. An zube rumbunan da ke bayan ɗakin kakata Iya, an yi shago da ƙofar ƙarfe ana jibge buhuna. Tsakar gidan da muke birgima an malale ta da siminti, ɗakin ƙanin babana har da tayil mai santsi. Da can, kafin ka buɗe ido kunnenka ya gaya maka ko wane lokaci ne: luguden taɓarya daga gida uku a jere, kowace mace da nata salon, ƙarar guga tana dukan bakin rijiya, tattabarun Baba suna gunaguni a cikin tukwanen da aka kife musu, jakin maƙwabta yana kuka kamar an ci bashin kakansa. Yanzu injin niƙa ne da janareto da wayoyi, kowa da waƙar da ke tashi a aljihunsa. A wancan zamanin yaro ya faɗi sau goma kafin azahar, ba wanda zai ɗaga kai daga tankaɗe. Iyakaci a ce, "Tashi, ka kashe mana ƙadangare." In ƙulu ya fito a goshi, a kamo ka, a danna shi da bayan ludayi kana ihu, a shafa man shanu, a zuba ruwa da bisimilla a inda ka faɗi, shi ke nan an sallame ka. Iya takan ce kan yaro ɗanyen duma ne, ya lotsa ya koma da kansa. Kwanakin baya matar wani ɗan baffana ta kira ni ta bidiyo tana kuka wiwi, wai ɗanta ya bugi ƙafar gado. Ta haska min shi yana cin biskit yana dariya, tana ta kiran sunansa tana sumbatar goshin, ɗan farinta fa, a gaban surukarta. Na gaya mata ta sa tsumma mai sanyi ta zuba masa ido, na lissafa mata abubuwan da in ta gani ta ruga asibiti. Da na kashe wayar na daɗe zaune, na rasa daɗi nake ji ko kishi.

Saboda ni ma ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa min. Kun ga ƙofa biyu ke nan aka rufe. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, uwar babana, a can nake ci a can nake kwana. Iya ba ta da abin kirana sai "maigidana", ta ce na cika rowa, ban taɓa kawo mata cefane ba, za ta kai ni ƙara wajen alƙali. Ita kuwa wadda ta haife ni, Yaya nake ce mata, domin kuwa haka na ji ƙannen Baba suna kiranta, na bi sahu. Sai da na yi wayo sosai wani yaro ya gaya min a wajen ƙwallo cewa ita ce uwata, har na yi dambe da shi a kan ya yi min ƙarya. Ba ta kallon fuskata in da mutane. Ba ta kiran sunana, ko na wasa. "Kai" ne, ko "wannan", ko ta ce wa iska, "A ce wa masu kunne su zo su ɗau tuwo." In na yi rashin ji Iya ake kai wa ƙara, in na yi abin kirki Iya ake yi wa barka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma duk wadda ta fi ta a garin ita ake nunawa da yatsa a ce ga 'yar mutunci. Yaya kuwa a wannan fannin ita ce ta ɗaya a aji.

Ranar da abin ya faru Baba yana Kano wajen kasuwancinsa, sauran maza suna gona, Iya ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa. Hantsi ne. Dawa ta ƙare a ɗaki, kuma aikin shiga rumbu na yara ne, don bakinsa a sama yake kuma ƙarami ne. Ka hau tsani, ka zura ƙafa, ka dira cikin duhu mai ƙamshin ƙaiƙayi, ka yi ta miƙo zangarniya. Yaya na tsaye a ƙasa da ƙwarya, goye da ƙanwata Ladidi wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Na tuna na gama, na fito, na juyo da baya ina laluben matakin tsani da yatsun ƙafa. Na tuna wata tattabara ta tashi fir a gefen kunnena. Daga nan sai fim ya yanke.

Abin da ya biyo baya ban san a wane layi zan sa shi ba, mafarki ko gaske. Kamar ina cikin rijiya, ana kiran sunana daga sama. Sunana na yanka, cikakke, ba "kai" ba, ba "maigidana" ba. Muryar mace ce, tana maimaitawa da sauri da sauri, tana rawa. Akwai hannu a bayan wuyana, akwai ƙamshin hayaƙin kara da daddawa, irin na zanin mai girki. Da na buɗe ido sosai kuma, ina zaune ne a jingine da rumbu, Yaya tana can nesa wajen turmi ta ba ni baya tana sussuka kamar ba abin da ya faru, ni kuma ina tsala ihu. Ihun ne ya kawo Iya da gudu, mayafi a hannu.

"Wa ya taɓa min miji? Kai, ragon banza, tsanin da kaza ke hawa shi ya kayar da kai?"

Ta shafa gefen kaina ta ji ƙulu ya taso kamar ƙwan zabo. Sai ludayi. Jama'a, duk wanda bai sha bayan ludayi a kan ɗanyen ƙulu ba, bai san me ake kira azaba ba. Yau na san wannan dannawar ba ta ƙara komai sai kuka, tsumma da ruwan randa ya fi ta, amma je ka gaya wa Iya. Ta shafe ni da man shanu har ina ƙyalli, ta zuba ruwa a gindin tsani, ta ce, "Ya yi kuka ai. Yaron da ya yi kuka ya tsira. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro." Ta juya ta ce, "Ke, nan take ya yi kukan ko?" Yaya ta sunkuyar da kai, taɓarya na hannunta, ta ce, "Ga shi nan dai kina ji, Iya." Iya ta ɗauka e ke nan.

Aka shimfiɗa min tabarma a inuwa. Ni dai na san kaina yana sara kuma hasken rana yana damuna. Abin da ban sani ba, sai daga baya aka riƙa ba ni labari ana dariya, wai na ce, "Iya, an fitar da dawar?" Ta ce an fitar. Jim kaɗan na sake cewa, "Iya, an fitar da dawar?" Ta ce, "Ga ta can ana sussuka, makaho." Can kuma na sake. Iya ta ce iskanci ne, ina so ne a ba ni ƙuli-ƙuli. Yaya kuwa ta kasa zama. Ta ɗau tsintsiya ta share inda ta riga ta share, ta zo ta wuce ta gabana da buta, ta koma da ita a cike, ta sake dawowa. Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, ko in ce ban kama ta tana kallona ba.

Can sai ta zo ta durƙusa a gaban Iya, ta kwanto Ladidi daga baya.

"Iya, jikin yarinyar nan da zafi."

Iya ta taɓa wuyan Ladidi. "Wane zafi? Yarinya sanyi ƙalau kamar randa."

"Tun safe take ƙin nono."

A daidai lokacin Ladidi ta cafki nono tana zuƙa har da gurnani, tana harba ƙafa. Iya ta kalli jaririya, ta kalli uwar.

"Wannan ce mai ƙin nonon?"

"Yanzu ne ta kama. Da dai an kai ta wajen Malam Sale ya duba." Idonta a ƙasa ta ƙara da cewa, "Wancan sai ya biyo mu ya riƙe min lema."

Iya ta yi ta mita, wai matan yanzu ko atishawa yaro ya yi sai asibiti, su da suka haifi goma a bayan ɗaki ba su san hanyar ba. Amma mai gida ba ya nan, ba za a bar matar ɗa ta fita ita kaɗai ba, dole ta yafa mayafi. Haka muka jera, ni a tsakiya da lemar da ban ma buɗe ba, ina tafiya ina jin ƙasa kamar katifa.

Malam Sale shi ne ma'aikacin ɗan ƙaramin asibitin garinmu, mutumin Farin Dutse, mai furfura a gemu da tocila a aljihun gaba. Kowa ya san shi, shi ma ya san kakan kowa. Ya karɓi Ladidi ya juya ta, ya sa mata abin awon zafi a hammata, ta kama gemunsa tana ɓangala dariya.

"Uwar Ladidi, wannan ai ta fi ni lafiya."

Sai ni daga kan benci na ce, "Iya, an fitar da dawar?"

Malam Sale ya juyo. Ya kalli man shanun da ke narkewa yana bin kunnena, ya kalli ƙulun, ya kalli Yaya da ta juya fuska tana karanta bango.

"Iya, angon naki fa? Ke kika make shi da muciya?"

"Tsani ya kayar da shi, rago. Na riga na gyara shi."

"Na ga gyara kam, har da mai. Kina wajen?"

"Ina zuwa na tarar yana ihu. Ai ka san wanda ya yi kuka..."

"Kafin ki zo fa? Wa ke wajen?"

Shiru. Wallahi har yau ina jin wannan shirun, da ƙarar wani ƙuda a jikin taga. Malam Sale ya ɗan jira, ya gyaɗa kai kamar mai lissafi, sai ya miƙa wa Yaya jaririyarta ya gyara kujera ya fuskanci Ladidi, ya ba ni baya gaba ɗaya.

"To, Uwar Ladidi. Ita wannan yarinyar, da ta faɗo daga tsanin, daga sama ne ko daga tsakiya?"

Iya ta ce, "Wace yarinyar? Sale, ka fara shan wani abu ne? Jaririya ce za ta hau tsani?"

"Iya, bar ni da marar lafiyata."

Yaya ta ƙura wa kan Ladidi ido, tana shafa shi. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Daga wajen tsakiya."

"Da ta faɗo, ta yi kuka nan take?"

"A'a."

"Ta yi shiru?"

"Ta yi shiru. Idonta a rufe. Na ɗaga hannunta ya koma."

"Ya daɗe?"

"Bai kai a karanta Fatiha a shafa ba. Ni dai na ga ya daɗe."

"Ta yi fizge-fizge? Jini ko ruwa ya fito ta kunne ko ta hanci?"

"Babu."

"Amai fa?"

"Sau ɗaya, a bayan rumbu. Na rufe da ƙasa."

"Da ta farka ta gane ki?"

Yaya ta gyara wa Ladidi zama a cinyarta. Sannan ta ce, "Ta ce min Yaya."

Ni fa a kan benci kaina ya gama kullewa. Ladidi ta faɗo? Yaushe? Ladidi ta yi magana? Na leƙa kanta ina neman ƙulu ban gani ba, na shafa nawa na ji shi zauna daram. Na ce a raina to ko mu biyu muka faɗo, ko kuma ita ta faɗo ciwon ya fito a kaina. Na rantse muku na yi shekaru ina ba yara labarin ƙanwata da ta hau rumbu tana jaririya.

Iya ita ta riga ni ganewa. Na ga bakinta ya buɗe ya rufe. Ta cire goron da ke kumatunta ta riƙe a hannu.

"Ya suma? Kika bar ni ina danna masa ludayi ina zaginsa? Ke wace irin..." Sai ta tsaya. Ita ce fa take yawo gida-gida tana alfahari da kunyar surukarta. Ta mayar da goron baki ta ce a hankali, "Allah ya shirye mu, mu da muka koya muku."

Malam Sale ya jawo ni. Ya haska min tocila a ido ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa kunnuwana da bayansu, ya lalluba ƙulun da kewayensa, ya ce in matse yatsunsa da hannu biyu, in taka zuwa ƙofa in dawo. Ya tambaye ni sunan unguwarmu da abin da na karya da shi. Na faɗi unguwa, karin kumallo kuwa ya ɓace. Ya ce wa Iya, "Ina kyautata zaton ba komai, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, za ta zauna. Da bai suma ba, da bai yi ta maimaita magana ba, sai in ce ku koma gida ku sa masa ido, in kun ga amai ya ƙi tsayawa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko tafiya ta canza, ku dawo da gudu. Amma tunda ya ɗauke, ko na ɗan lokaci ne, ba ni zan yanke ba. Ku wuce babban asibitin Birnin Kudu yanzu, su riƙe shi su gani."

Iya ce ta tafi da ni, don ba a ma yi maganar wani zai je ba. Yaya ta tsaya a ƙofar asibitin da Ladidi a kafaɗa tana kallon wata akuya, har mai babur ɗin da muka hau ya tayar. A Birnin Kudu na fara ganin gini mai hawa da mutane masu fararen kaya da yawa haka. Likita ya sake duk abin da Malam Sale ya yi, ya ce ba sai an ɗau hoton kai ba tukuna, a kwantar da ni a gani. Aka ba ni farasitamol. Rigimar da aka sha ita ce ta barci: da la'asar ido ya fara rufewa, Iya ta dinga mintsinina a cinya, wai wanda ya bugu a kai in ya yi barci ya tafi ke nan. Wata nas ta kama ta. "Hajiya, bar shi ya huta, mu za mu riƙa tashinsa muna dubawa." Iya ta ce, "'Yar nan, mijina ne, in ya mutu ke za ki yi min takaba?" Washegari na ci ƙosai na nemi ƙari, na daina tambayar dawa, aka sallame mu da sharaɗin ba hawa, ba ƙwallo, ba dambe sai an kwana biyu. Da muka shiga gida Yaya tana tankaɗe. Ta ce, "Sannunku da hanya, Iya." Ni ko kallo. Amma tuwon da aka aiko ɗakin Iya ranar, man da ke kansa ya isa mutum uku.

Iya ta rasu, Malam Sale ya yi ritaya, Ladidi tana aji biyar a sakandare kuma ta fi ni surutu. Ni kuma ga ni a gindin darbejiya na rubuta wa malamai duk alamomin haɗari ban bar ko ɗaya ba, amma abin da ya faru tsakanin tashin tattabara da ihuna ban sani ba. Don haka ɗazu, kafin in fara wannan dogon rubutun, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kira ta.

"Yaya, mun gama jarrabawa."

"To, madalla. Allah ya ba masu rabo sa'a."

"Yaya, tambaya zan yi. Ranar da na faɗo daga tsanin rumbu..."

"Wa ya faɗo? Ladidi ce ta faɗo."

Na ji dariya a ƙarƙashin muryar, amma ban saki ba. "To, Ladidin. Da ta yi shiru, na ji kamar ana kiran wani suna. Ke ce?"

Sai ƙarar injin niƙa daga can nesa, da kukan wani yaro. Na duba fuskar wayar ko sabis ne ya ɗauke. Yana nan.

"Wanda ya ƙi tashi," ta ce, "ai da sunan da aka yanka masa rago ake tashinsa. Ko bebiya ce a wajen sai ta kira." Ta yi gyaran murya. "Kai, tukunyata na ƙonewa."

Ƙit, ta kashe. Abokaina suna ta ɗago min hannu in zo a yi hoto, na ce su fara, ina zuwa.